Baƙin tabon da ke tsakiyar taurari: rami ne ko gajimare?

Ɗan Azare: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga hoto nan na ɗora, don Allah masana ku duba mana. Taurari ne birjik ta ko'ina, sai tsakiya baƙi ƙirin babu ko ƙwaya ɗaya. An rubuta Barnard 68 a ƙasansa. Wanda ya turo min ya ce wai shi ne baƙin ramin nan da ke haɗiye komai. Gaskiya ne?

Maman Walida: Wa alaikumus salam. Ni kam gani nake goge wurin aka yi da kwamfuta. Yanzu hoto ba abin yarda ba ne.

Malamin Fizik: Wa alaikumus salam. Hajiya, wannan ba a taɓa shi ba, hoton gaske ne, an ɗauke shi da manyan madubin hangen nesa na Turai da ke ƙasar Chile. Kuma ƙanena Ɗan Azare, ba rami ba ne. Akasin rami ma ne. Wurin cike yake, cikar tasa ce ta sa ka ga duhu. Dunƙulen iskar gas ne da ƙura a tsakaninmu da waɗancan taurarin, ya tare haskensu. Taurarin suna nan a bayansa.

Ba kai ka fara ɗaukarsa rami ba. William Herschel, wanda ya gano duniyar Yuranus a 1781, shi ma da ya ga irin waɗannan wurare ya ɗauka ɓula ce a sama. Sai wani Ba'amurke, Edward Barnard, ya shafe shekaru yana ɗaukar hotunansu, a 1919 ya fitar da jerin guda 182. Shi ya sa suke ɗauke da sunansa da lamba.

Wannan na 68 ƙarami ne a cikinsu. Nisansa da mu tsakanin shekarar haske 400 zuwa 500, faɗinsa kamar rabin shekarar haske, nauyin abin da ke cikinsa kusan ninki biyu na rana. Shekarar haske ɗaya kuwa, wato nisan da haske ke tafiya a shekara guda, kusan kilomita tiriliyan 9.5 ce. Irin waɗannan ƙananan dunƙulallu ana kiransu dunƙulen Bok, da sunan wani masani Bart Bok, kuma a cikinsu ake haifar wasu taurarin.

Ɗan Azare: Haifa kuma Malam? Ni na ɗauka taurarin da ke nan su ke nan tun fil azal.

Malamin Fizik: A'a, har gobe ana samun sababbi, tsofaffi kuma suna mutuwa. Ranarmu shekarunta kusan biliyan 4.6. Kaza da 'ya'yanta da iyayenmu ke nuna mana, wadda malamai ke kira Surayya, shekarunta wajen miliyan 100 ne, ka ga yara ne idan aka gwada da rana. Akwai kuma waɗanda ba su ma gama haɗuwa ba.

Injiniya Gwallameji: Malam, da girmamawa, nan ne nake tsayawa da ku. Wa ya zauna ya ga tauraro ya haɗu daga farko har ƙarshe? Ku da kanku kuna cewa abin yana ɗaukar shekaru dubu ɗaruruwa. Madubin hangen nesa kuma bai fi shekara ɗari huɗu da kaɗan a hannun mutane ba. Sannan kun ce wurin duhu ne ba a ganin cikinsa. To abin da ba a ga cikinsa ba, ba a kuma ga tafiyarsa ba, ta yaya ya zama ilimi? Ni a aikina sai na auna nake sa hannu.

Ɗalibar Yelwa: Wallahi Yaya Injiniya tambayar da ke raina ke nan, na rasa yadda zan tsara ta ne.

Malamin Fizik: Injiniya, tambayarka tana kan hanya, kuma shekara arba'in da 'yan kai masana suna riƙe da ita ba amsa. Bari in bi ta a hankali.

A 1947 Bart Bok, mutumin Holan da ke aiki a Harvard, shi da Edith Reilly suka rubuta cewa waɗannan ƙananan baƙaƙen dunƙulallu suna tsukewa ne a kan hanyarsu ta zama taurari. A lokacin zato ne kawai, ba shi da abin da zai leƙa ciki da shi. Mutane da yawa ba su karɓa ba, kuma suna da hujja, domin babu awo. Abin da ya sauya lamarin shi ne samun na'urorin da ke ganin hasken da idonmu ba ya gani.

Kowa ya ɗauki rimot ɗin talabijin yanzu. Buɗe kyamarar wayarka, ka saita ɗan ƙwan da ke kan rimot ɗin a gabanta, ka danna kowane maɓalli. Da ido ba za ka ga komai ba, amma a fuskar wayar za ka ga yana ƙyaftawa da haske fari-fari mai ratsin shuɗi ko ruwan hoda. Idan kyamarar baya ta ƙi nunawa, gwada ta gaba. Wannan shi ne hasken infirared. Zangonsa ya fi na jan haske tsawo, saboda haka yana ratsa ƙurar da ke tare hasken da muke gani.

Maman Walida: Ikon Allah! Na gwada, ga shi yana ƙyalƙyal. Yara duk sun taru a kaina.

Malamin Fizik: Madalla Hajiya. To a watan Janairun 1983 aka harba wani tauraron ɗan adam mai suna IRAS, ya zagaye kusan dukkan sama yana auna infirared. A 1988 Dan Clemens da Richard Barvainis suka tattara jerin ƙananan dunƙulallu 248. A 1990 Clemens da João Yun suka bi bayanan IRAS a kan wannan jerin, suka tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu suna ɗauke da wani abu mai ɗumi a ciki, irin ɗumin jaririn tauraro. A kan takardar tasu ma suka rubuta cewa Bok ya yi gaskiya. Shi kuwa Bok ya rasu a watan Agustan 1983, bai ga wannan sakamakon ba. Kullum na tuna wannan sai ya taɓa min zuciya. Mutum ya faɗi magana yana da ƙarfinsa, ya tsufa a kanta, hujjar ta iso shekara bakwai bayan an binne shi.

Injiniya Gwallameji: Na karɓi wannan, an ga abu mai ɗumi a ciki. Amma ɗumi daban, tsukewa daban. Me ya hana a ce tsohon tauraro ne ya faɗa cikin ƙurar, ko yana bayanta?

Malamin Fizik: Ana auna motsin gas ɗin kansa. Yawancin dunƙulen haidirojin ne, sai hiliyom, ƙurar kuma kusan kashi ɗaya cikin ɗari ce kawai na nauyin. Haidirojin mai sanyi ba ya fitar da alamar da ake kamawa cikin sauƙi, amma akwai kabon monoksaid a gauraye da shi, wannan dai iskar da ke cikin hayaƙin janareta. Tana fitar da siginar rediyo a zangon milimita 2.6, an fara kama ta daga sararin samaniya a 1970. Gas ɗin da ke tahowa wajenmu siginarsa na ɗan gocewa gefe guda, wanda ke tafiya nesa na gocewa ɗaya gefen. Da wannan ake gane gudu da inda aka nufa. A wani dunƙule mai suna Barnard 335, tun farkon shekarun 1990 aka auna siginar wasu sinadaran aka ga alamar gas yana zubawa zuwa tsakiya, daidai inda abin mai ɗumi yake. Ka ga ai awo ne, Injiniya, ba labari ba.

Game da cewa ba wanda ya ga abin daga farko har ƙarshe, haka ne, ba wanda ya gani kuma ba wanda zai gani. Abin da ake yi shi ne a duba ɗaruruwansu. Wani ba komai a cikinsa sai sanyi, kamar wannan na hoton. Wani ya fara ɗumi a tsakiya. Wani yana feso gas ta gefe biyu. Wani ƙurar ta yaye, tauraron ya bayyana da faifan ƙura kewaye da shi. Sai a jera su, a gwada da lissafi, a ga ko jerin ya zauna.

Injiniya Gwallameji: To wannan na fahimta. Amma jerawar aikin mutum ce, tana iya samun gyara.

Malamin Fizik: Ƙwarai, kuma tana samu. Yawan shekarun kowane mataki har yanzu ana ja-in-ja a kai. Amma cewa taurari na fitowa daga cikin irin wannan gajimaren, wannan ya zauna.

Baffa na Dass: Salamu alaikum 'ya'yana. Ina biye da ku tun ɗazu, jikata ce ke rubuta min. Na koyar a firamare har na yi ritaya, kuma na tashi lokacin da babu lantarki a garinmu. Da damina idan ruwa ya ɗauke da dare, sama ta wanke, mukan ga farin layin nan mai kama da hayaƙi ya ratsa daga kudu zuwa arewa, wanda a littattafan Larabci ake ce wa Majarra. A tsakiyarsa akwai baƙin tsagi da ya raba shi biyu. Mun sha tambayar manya, ba wanda ya ba mu amsa. Malam, shi ma wannan ƙurar ce?

Malamin Fizik: Barka da dare Baffa, Allah ya ƙara lafiya. Ita ce. Abin da kuka gani da idonku manyan gajimaren ƙura ne a jere, sun tare hasken taurarin da ke bayansu. Na hoton nan ɗan ƙaraminsu ne da ya ware shi kaɗai, kuma yana can wajen, kusa da burujin Akrabu da Ƙausu, inda layin ya fi kauri.

Baffa na Dass: Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka. Abin da ke damuna shi ne jikokina da ke cikin Bauchi ba su taɓa ganin wannan layin ba. Fitilu sun cinye shi. Na tambayi ɗaya, ya ce a waya ya gani.

Ɗalibar Yelwa: Malam, wato kamar lokacin hunturu ke nan, da hazo ke rufe rana?

Malamin Fizik: Kusa da haka, ƙanwata, amma lura da abu ɗaya. A cikin hazo mai kauri rana takan koma fara fat kamar faranti, domin ƙwayoyin ƙurar da iska ke kwasowa daga yankin Bodele na Chadi manya ne, suna rage dukkan launuka kusan daidai. Ƙurar sararin samaniya ta fi haka laushi nesa ba kusa ba, ƙwayarta ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, ta fi kusa da hayaƙin ƙunar daji, wanda rana ke komawa ja a bayansa. Tana cinye shuɗin haske ta bar ja ya wuce. Koma kan hoton ki duba bakin-bakin tabon, inda ƙurar ba ta yi kauri ba. Za ki ga 'yan taurarin wurin sun yi ja-ja.

Ɗalibar Yelwa: Na gani! Da ban lura ba sam.

Malamin Fizik: Da wannan jan aka yi aiki mai kyau a 2001. João Alves da Charles Lada da Elizabeth Lada suka ɗauki Barnard 68 da infirared, taurarin da ke bayansa suka fito, suka auna yadda kowanne ya yi ja, daga nan suka san kaurin ƙurar a kowane sashe. Suka tarar dunƙulen yana tsaye ne a kan gaɓa: nauyinsa na jan sa ciki, ɗan ɗumin gas ɗin na tura shi waje, ƙarfin biyu sun kusa yin daidai. Kaɗan ya rage nauyin ya rinjaya.

Sanyin ne sirrin abin. Cikin irin wannan dunƙulen yana kaiwa wajen digiri 263 ƙasa da sifili a ma'aunin salshiyos. Ƙurar ce ke kare cikin daga hasken taurarin waje, sai gas ya yi sanyi, ya rasa ƙarfin turawa, nauyi ya samu dama. James Jeans na Ingila ya yi lissafin wannan tun 1902. Idan ya fara zubawa ciki, tsakiyar tana matsuwa tana zafi. Ranar da zafin tsakiyar ya kai wajen digiri miliyan 10, haidirojin ya fara haɗewa yana zama hiliyom, tauraro ya kama da kansa. Mai girman ranarmu yana ɗaukar shekaru miliyoyi gommai kafin ya kai nan.

Abban Khalifa: Ni fa jama'a ina jin tsoron irin wannan magana. Ana cewa gas ya haɗu ya zama tauraro, ina aka bar Mahalicci? Kuma ba an hana mu ilimin taurari ba?

Alaramma Misau: Ɗan'uwa Abban Khalifa, Allah ya saka maka da kishin addini. Amma a raba abu biyu. Wanda malamai suka yi hani a kansa shi ne duba, a ce tauraro kaza ya fito don haka wane zai yi arziki ko zai mutu. Sanin tafiyar rana da wata da taurari kuwa, da shi muke sanin alƙibla da lokutan salla da tsayuwar wata, manomanmu kuma da shi suke lissafin damina. Malamanmu na zaure sun karanta manzilolin wata, sun karantar. Sanin sababi kuma ba ya kore Mai sababi. Mun san yadda hadari ke haɗuwa, bai hana mu roƙon ruwa ba.

Abban Khalifa: Na gamsu da wannan Alaramma. To ko wannan ne hayaƙin da aka ambata a Suratu Fussilat?

Alaramma Misau: Nan kuma zan ce a yi hattara. Ba na son a riƙa ɗaura aya a kan kowane binciken da ya fito. Ka ji Malam da bakinsa ya ce wasu sassan lissafinsu na samun gyara. Idan ka ɗaura aya a kan abin da gobe za a gyara, ka jawo wa yara ruɗani. A bar tafsiri ga ma'abotansa, a bar awo ga ma'abotansa, mu kuma mu kalli sama mu yi tasbihi.

Injiniya Gwallameji: Wannan magana ta Alaramma ta yi min daidai. Malam, saura ɗaya. Duk baƙin dunƙule ne ke zama tauraro?

Malamin Fizik: A'a. Akwai waɗanda David Thackeray ya gano a 1950 daga Afirka ta Kudu, a cikin gajimaren IC 2944. Suna kusa da manyan taurari masu tsananin zafi, hasken waɗannan yana cin su yana watsa su, da alama za su ƙare kafin su haifi komai. Kuma yawancin taurari ba a irin waɗannan ƙananan ake haifarsu ba, a manyan gajimare ne, ɗaruruwa ko dubbai a tare, kamar wanda ke cikin rukunin taurarin Oriyon. Ana kyautata zaton ranarmu ma a cikin taro aka haife ta. Dalilin da ya sa masana ke son ƙananan shi ne suna zaune su kaɗai, ba hayaniyar maƙwabta, tauraro ɗaya ko biyu ne a ciki, sai a ga abin fili.

Wanda ke da data ya nemi hoton HH 46/47 da madubin James Webb, wanda ke sararin samaniya yana ganin infirared, ya fitar a watan Yulin 2023. Jariran taurari biyu ne a cikin dunƙulen Bok, nisan shekarar haske wajen 1,470. A hoton ido dunƙulen baƙi ne. A na Webb ya koma shara-shara, ana ganin gas ɗin da suke fesowa ta gefe biyu. Sai kuma L1527 na watan Nuwamban 2022, a burujin Sauru, wanda shekarunsa wajen 100,000 ne kacal. A tsakiyarsa akwai wani siririn baƙin layi, shi ne faifan ƙurar da ke ciyar da shi. A irin wannan faifan duniyoyi ke haɗuwa. Na'urar hangen nesa ta ALMA da ke hamadar Atakama a Chile ta nuna haka a 2014 a kan tauraron HL Tau, faifan ya fito da zobba da gibi a tsakaninsu.

Maman Walida: Wato ƙasar da muke takawa ita ma daga irin wannan ƙurar take?

Malamin Fizik: Abin da binciken ya nuna ke nan, Hajiya.

Ɗan Kaltungo: Gaisuwa daga Gombe. Na karanta duka. Ni abin da ke ci min rai daban ne. Na yi sakandare na gama ba a taɓa fitar da mu waje da dare an nuna mana ko tauraro ɗaya ba. An sa mu haddace sunayen duniyoyi don jarrabawa, shi ke nan. Alhali a kan tsaunin Tula sama tana nan tar, ba ka biyan ko sisi. Ƙasar nan tana da hukumar sararin samaniya tun 1999, akwai cibiyar nazarin falaki a Nsukka, amma yaron ƙauyenmu bai san ana cin abinci da wannan ilimin ba.

Ɗalibar Yelwa: Gaskiya ne Yaya. To Malam mu da ba mu da Webb, me za mu iya gani?

Malamin Fizik: Barnard 68 kansa ya yi ƙanƙanta, sai da madubi mai kyau da kyamara. Amma manyan 'yan'uwansa ido na ganinsu. Daga Yuli zuwa Satumba, bayan isha'i, a daren da ruwa ya wanke sama, fuskanci kudu ki nemi Akrabu, ki bi farin layin zuwa sama, za ki ga tsagin da Baffa ya faɗa. Wajen Afrilu da Mayu, can ƙasa-ƙasa a kudu, akwai taurari huɗu masu siffar gicciye, a gefensu akwai baƙin tabo da ake kira Buhun Gawayi. Daga Bauchi yana hawa kamar digiri 17 ne kawai, don haka sai wurin da ba dutse ko bishiya a gaba, kuma ba hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma, taurari ukun nan da ke jere a Jauza'u, wato Oriyon, a ƙasansu akwai wasu ƙanana a jere, na tsakiyarsu ya yi dishi-dishi. Wannan gajimaren Oriyon ne, nisan shekarar haske wajen 1,340, kuma yanzu haka ana haifar taurari a cikinsa. Da madubin hannu mai ido biyu yana fitowa sosai.

A zaɓi ƙarshen watan Musulunci, daga 25 zuwa sama, lokacin da babu farin wata da farkon dare. A kashe tocila, a ajiye waya, a ba ido minti ashirin ya saba da duhu. Manhajar Stellarium tana nuna inda komai yake, a duba ta kafin a fita.

Injiniya Gwallameji: Ina da madubi mai ido biyu da ƙafar kyamara, zan kawo. Mota kuma tana ɗaukar mutum huɗu. Amma a zaɓi wurin da aka san mu, kuma a sanar da mai unguwa tukuna, dare ne.

Baffa na Dass: Ku zo Dass. Bayan gidana fili ne har gindin dutse, mai unguwa kuma ni zan yi masa magana. Ku taho da yaran, 'yan matan su kwana wajen Goggonku.

Maman Walida: Mun gode Baffa. Ni da yara uku, sai dai a samu mota ta biyu.

Ɗan Kaltungo: Mu na Gombe za mu yi namu a Tula a daren, sai mu haɗa hotuna. Malam, wayar da ke da yanayin ɗaukar hoton dare za ta kama tsagin?

Malamin Fizik: Za ta kama idan ba ta motsa ba. Kafa ta a kan wani abu, ka sa ta buɗe na daƙiƙa 15 zuwa 20, ka yi amfani da mai ƙidayar lokaci don kada hannunka ya girgiza ta. Injiniya, duba mana kalanda ka faɗi Asabar ɗin da ta faɗo a ƙarshen wata, masu zuwa kuma su rubuta sunansu a ƙasa don a san yawan motoci.